Jan Fenti a Gonar Baba

Talata, 2 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, da fatan nauyin jiki da sauƙi.

An shafa wa turken gonar Baba jan fenti. Jiya da hantsi mai duba filaye na hukumar gonaki ya zo a babur, ya tsaya a bakin hanya ya kalli ganyen da ya kai ƙirjina, ya shafa fentinsa, ya maƙala takarda. Takardar ta ce gona mai lamba 47 ba a noma ta ba. An ba mu kwana goma sha huɗu mu gyara, in ba haka ba hukuma za ta karɓe ta ta ba wani. Kin san filin nasu ne, aron noma aka ba Baba, ko da yake aron ya shekara ashirin da shida.

Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan ba ciyawa ba ce, shuka ta aka yi. Ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, mece ce sana'arka? Na ce tela. Ya ce, to tela, in ka ga yadi ka san shi, ni ma in na ga ciyawa na san ta. Ya tada babur.

Gaskiya ni kaina ban san abin da kuka shuka ba. Abin da na sani, a gidan nan ana kiranta ciyawar Yaya ana dariya. Wanda zai yi bayani kuwa yana kwance. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Baba yana jin duk abin da aka faɗa, amma magana ba ta fita, sai hannun hagu da ido. Inna ta ce ita dai ta ga yana fita da igiya da gwangwani a farkon damina, iyakar saninta ke nan.

Na rufe shago mako na uku ke nan. Waya ba ta shiga tun da iska ta kayar da ƙarfen sabis, shi ya sa na ba direban motar safe wannan. Ki ba shi amsa ya dawo da ita. Ki gaya mini da baƙar Hausa: in sare ko in bari?

Inna tana gaishe ki, ta ce kar ki kuskura ki hau hanyar nan da tsohon ciki.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, 4 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri kan zaman da kake yi. Ka karanta masa wannan, ya fi son takarda a kan waya tun yana da lafiya.

Kar ka sare. Kar ka bari kowa ya sare.

Zamarke ne da biya-rana, irin waɗanda ke fitowa da kansu a bakin lambatu. Dangin wake ne. In ka tuge ɗaya za ka ga 'yan gudaji a saiwarsa kamar ƙwayar dawa. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ke janyo naitirojin daga iska, wato abin nan da ake saye a buhun farin taki. Idan shukar ta fara fure, kafin ta yi 'ya'ya, sai a sare ta a kife ta cikin ƙasa da garma tana ɗanya. Ta ruɓe, ƙasa ta ci. Saura mako uku ta kai. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a ƙona ta. Wuta tana mayar da naitirojin ɗin sama inda ya fito.

Ka tuna masarar bara, yadda ta yi rawaya ta tsaya a gwiwa. Buhu uku Baba ya samu a inda ya saba samun goma sha huɗu. Na ɗebi ƙasar na kawo ɗakin gwajinmu na auna da hannuna. Ƙasar ta gaji. Da na gaya masa maganin, sai ya ce, shekara huɗu ina sayar da masara kina karatu, ashe shuka ciyawa kika je koyo? Bayan wata biyu aka gan shi yana bin bakin lambatu yana tara iri a hula. Shi ya cika gwangwanin madara, shi ya ja igiya mai ƙulli, ya shuka layi sittin, bai ce da ni kin yi gaskiya ba, ni ma ban tambaya ba.

Na yi magana da shugabar sashenmu. Ta aika wa malamin gona na yankinku ya je ya gani da idonsa ya rubuta cewa shuka ce, ba sakaci ba. Ya ce zai je cikin mako mai zuwa ko na bayansa. Abin da nake so kawai shi ne ya same ta a tsaye.

Likita ya hana ni tafiya, ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Baba, ina gaishe ka, ka bar mini gonar a hannuna.

Yayarka

Lahadi, 14 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso jiya Asabar. Na sare ranar Laraba da Alhamis, na ƙone ranar Juma'a.

Direba ya ce ya saka ta a aljihun gaban mota, motar ta lalace a hanya, aka ja ta gareji, ta yi kwana takwas a can da takardar a ciki. Ya kawo ta da hannu biyu yana ba da haƙuri, da tabon baƙin mai a jiki. Na karɓa.

Kullum da safe ina zuwa tasha in tsaya kamar mai jiran amarya, har masu lodi suka fara tsokanata. Kwanaki suna tafiya. Maƙwabcinmu na gona, mai injin ban ruwa, ya ce, tela, kana jiran mutanen birni za ka rasa gonar ubanka, na ga an karɓe ta mutum uku a kan abin da bai kai wannan ba. Inna ta ce in yi abin da takardar hukuma ta ce. Takardar ta ce a gyara. Ni a sanina gyaran gona shi ne a sare, a tara, a cinna wuta.

Akwai abin da zan gaya miki, gara ki ji daga bakina. Ranar Laraba na nemi adda a inda Baba yake rataye ta ban gani ba. Da Inna ta zo juya shi, sai ga ta a ƙarƙashin katifarsa. Ita ta sa aka kawo masa ita ran Talata saboda ya yi ta nuna ta da hannu, ta ɗauka so yake a wasa. Ashe da hannun hagun nan ya tura ta ƙasa. Na zo ɗauka ya riƙe mini wuyan hannu. Na ce, Baba, gonarka zan ceto. Ya ƙi saki. Na ɗauka ciwon ne ya taɓa tunaninsa. Na bar masa addarsa na ari ta mai injin.

Ran Juma'a na shigo da ƙaurin hayaƙi a riga. Na durƙusa na ce masa an gama, gona fes. Ya ja hannun rigata ya shinshina, ya juya fuska bango. Bai ci abinci ba sai washegari da la'asar.

Na karanta masa takardarki tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba, har wurin da kika ce ba a ƙonawa. Wannan layin sai da na karanta shi sau biyu.

Gonar dai yanzu ba ciyawa. Ko wannan ya isa su goge fentin?

Auta

Laraba, 17 ga wata

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da iyalinki, ina roƙon Allah ya sauke ki lafiya. Ni ne kawunki. Mahaifiyarki ta roƙe ni in shiga ofishin hukumar gonaki, tunda na yi shekara goma sha tara ina magatakarda a wurin kafin in ajiye aiki. Na shiga jiya, ga abin da na samo.

Na farko, malamin gonar da kuka aika ya je ranar Litinin. Ya tarar da toka da kututture. Ya rubuta layi ɗaya: ba a samu amfani a tsaye ba. Ban ga laifinsa ba, abin da ya gani ya rubuta.

Na biyu, share gonar bai fid da ita ba. Lokacin shuka na bana ya wuce da mako biyar, don haka a wurin hukuma gonar da aka share ba a shuka ba da gonar da ciyawa ta cinye duk ɗaya ne.

Na uku, sashe na tara na ƙa'idar rabon filaye ya yarda a hutar da gona da shukar gyaran ƙasa na damina ɗaya. Ana tabbatar da haka ta hanya biyu: ko malamin gona ya ga shukar a tsaye ya sa hannu, ko mai gonar ya cike takardar sanarwa a farkon damina. Ba a karɓar takardar bayan an shafa fenti.

A nan ne nake so ki saurare ni da kyau. Ni na karɓo wa mahaifinki wannan takarda kafin ruwan farko. Ya ce ba zai cike ta ba sai kin zo, don akwai gurbin sunan shukar na kimiyya, ba ya so a yi masa dariya a ofis. Na bincika fayil ɗin lamba 47 shafi-shafi, ba ta ciki. Ban faɗa wa ƙaninki ba, ban faɗa wa mahaifiyarki ba. Yaron nan ya ɗora wa kansa dukan laifin, ya rame, hannuwansa duk kanta.

Kwamitin filaye zai zauna ranar Talata, 30 ga wata. Na ga takardun mutum biyu da suka nemi gonar. Wanda ke kan kujerata a yanzu ni na koya masa buga hatimi. Ya gaishe ni da girmamawa, ya raka ni har ƙofa, ya ce in yi haƙuri. Na san ma'anar wannan rakiya, na sha yin ta.

Iyakar abin da zan iya ke nan. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

Juma'a, 19 ga wata

Shafi na ɗaya, a karanta wa Baba.

Baba, ina gaishe ka da jiki. Na ji duk abin da ya faru. Auta bai yi don ɓarna ba, ka sani. Muna bin maganar ta ofis, Kawu yana ciki. Ka ci abinci, ka sha magani, jikanka yana hanya, yana so ya same ka da ƙarfi.

Shafi na biyu, naka kai kaɗai.

Auta, takardar sanarwar da za ta hana a shafa fentin tun farko tana cikin jakata. Baba ya ba ni ita zuwana na ƙarshe, ya ce in cike in aiko. Na saka ta tsakanin katunan awon ciki. Na ce gobe, na ce ƙarshen mako. Daga nan ya kwanta ciwo, hankalina ya koma kan asibiti da magani. Ko da na rubuto maka ina cewa kar ka sare, ban tuna da ita ba. Sai da takardar Kawu ta zo na zazzage jakar a kan tebur. Ga ta nan gabana, ba ko ɗigon biro. Gurbi bakwai ne, aikin minti biyar.

Kai ka ƙone ganye. Ni na sa aka shafa fentin. Ka daina cin kanka.

Na kai takardar wurin shugabata na roƙe ta ta sa kwanan wata na baya. Ta dube ni kawai, na ɗauke abata na fito. Da ni ce ita, haka zan yi.

Saura hanya ɗaya, ita ma siririya ce. Wuta ta ci sama, ba ta ci ƙasa ba. Ka je inda ba ka tara tsibi ba, ka haƙo saiwa goma da ƙasarsu. Kar ka tuge, haƙowa za ka yi da fartanya. Kar ka wanke, kar ka saka a leda, ka naɗe a tsumma mai laima. Idan gudajin suna da rai, cikinsu ja-ja ne in an tsaga. Da wannan shugabata za ta iya rubuta cewa shukar gyaran ƙasa ce tana aikinta lokacin da aka sare ta. Ban san ko kwamiti zai karɓa ba. Kuma gudajin ba sa daɗewa bayan an sare uwar. Kwana tara ke nan yau.

Ka ba direba a hannu, ka ce masa ya riƙe a cinyarsa.

Ka yafe mini.

Yayarka

Litinin, 22 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki. Ga saiwa nan goma sha biyu, na ƙara biyu saboda tsaro. Na naɗe su a ragowar yadin wani kwastoma, in ya zo neman aljihun rigarsa sai in turo shi wurinki.

Na ga abubuwan da kike faɗa. Maɓallai ne sak, ƙanana, jere a jikin saiwa kamar an ɗinka. Shekara talatin ina taka su a bakin lambatu ban sani ba. Ban tsaga ko ɗaya ba, na ji tsoron abin da zan gani.

Shafinki na biyu na karanta shi sau uku a bayan gida. Na so in yi fushi, na nemi inda zan ajiye shi na rasa. Ke kin manta takarda a jaka, direba ya manta takarda a mota, ni na bi takarda na cinna wuta. Mutum ɗaya ne ya san abin da yake yi a maganar nan, shi kuma ba a jin bakinsa.

Amma ki sani dabararki ta shafi biyu ba ta yi ba. Na karanta masa na ɗaya, na ninke. Ya miƙo hannu ya taɓa aljihuna, inda na biyun yake. Ya ji ƙarar takarda. Na ce lissafin magani ne. Ya ci gaba da kallona da idon nan nasa da kika sani. Inna ta ce, karanta masa mana, ai ƙafarsa ce ta mutu ba kunnensa ba. Na karanta.

Bai juya bango ba. Ya nuna saman kwaba. Na sauko da gwangwanin madarar, akwai ragowar iri kamar cikin tafi biyu, da igiyar a naɗe. Ya sa na ɗora masa su a ƙirji, suna nan har yanzu. Ban san abin da yake nufi ba. Inna ta ce ko kwamiti yake so a kai wa. Kawu ya ce kwamiti ba ya karɓar gwangwani.

An yi ruwa sau biyu a makon nan, mai ƙarfi. Jiya na hangi wani mutum da ban sani ba yana auna faɗin gonar da taku daga bakin hanya. Na yi masa sallama, ya amsa, bai daina ƙirga ba.

Ki rubuto da abin da kika gani, kowane iri ne.

Auta

Laraba, 24 ga wata

Auta,

Ina gaida kowa. Saiwar ta iso lafiya, ka haƙo ta daidai, ka naɗe ta daidai.

Na tsaga gudaji arba'in da ɗaya a gaban shugabata. Talatin da tara sun yi ruwan ƙasa, sun yi laushi. Biyu ne da ɗan ja a tsakiya. Ta rubuta abin da ta gani: saiwar dangin wake ce, tana da gudaji, yawancinsu sun mutu. Na ce ta ƙara cewa shuka su aka yi. Ta ce saiwa ba ta nuna wanda ya shuka ta, irin wannan tana fitowa da kanta a kowace gonar da aka yasar. Gaskiyarta ce. Ni ma abin da nake koya wa masu koyon aiki ke nan.

Na haɗo takardar da wannan, ka kai wa Kawu, ko da ba za ta yi nauyi ba. Abin da kwamiti ke so shi ne a ga shukar a tsaye, wannan kuwa ba ni da injin da zai mayar da ita.

Ina auna ƙasar mutane ɗari a wata. Ban taɓa zama da sakamako a hannu ina rasa abin yi da shi ba sai yau.

Ka ce wa Baba ina gaishe shi. Ka bar masa gwangwaninsa.

Yayarka

Asabar, 27 ga wata

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, mota za ta tashi.

Kututturen sun tofo. Ashe saran tela na yi, na bar su da tsawo har kusan gwiwa, abin da mai injin ya yi ta yi mini dariya a kai. Bayan ruwan nan sun fid da ganye kamar kunnen ɓera. In ka tsaya a kusa ba komai ba ne. In ka hau kan lambatu ka duba, layuka ne miƙaƙƙu kamar an ja zare. Na auna da igiyar Baba, kowane ƙulli ya faɗa kan kututture. Layi talatin da ɗaya ne cikin sittin, sauran wuta ta ci.

Na gaya masa. Ya riƙe mini wuyan hannu kamar rannan, na ce ba zan taɓa ba, sannan ya saki.

Kawu ya ce in malamin gona ya riga zuwa, wataƙila ya kira wannan shuka a tsaye. In mai fenti ya riga shi, ciyawa ce ta sake fitowa. Na ajiye kujera a bakin gonar, a nan nake wuni ina korar awaki.

Kwamiti Talata ne. Fentin yana nan. An ce malamin gona zai zo Litinin in an ba shi man babur. Ofishinsu bai tabbatar ba.

Ki huta lafiya.

Auta